Rangwamen haraji da gidajen masu ƙaramin ƙarfi: Abin da Bauchi za ta iya yi da abin da ya fi ƙarfinta

Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2026, da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Najeriya, ɗan haya mai biyan harajin kuɗin shiga ya samu damar a cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa na shekara daga cikin kuɗin da ake lissafa wa haraji, matuƙar abin da za a cire bai wuce Naira 500,000 ba. Wannan tanadi na cikin dokokin haraji huɗu da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa hannu a ranar 26 ga Yuni, 2025, kuma ya sake farfaɗo da wata tsohuwar muhawara: shin za a iya amfani da haraji wajen samar wa masu ƙaramin ƙarfi muhalli?

Idan aka auna tanadin da rayuwar mazaunin birnin Bauchi, za a ga iyakarsa. Ma'aikacin da ke biyan hayar Naira 300,000 a shekara za a cire masa Naira 60,000 daga lissafi. Idan yana matakin masu biyan kashi 15 cikin ɗari, abin da zai rage a aljihunsa Naira 9,000 ne a shekara guda. Shi kuwa mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a wata, dokar ta riga ta ɗauke masa harajin kuɗin shiga, don haka babu abin da za a rangwanta masa. Haka lamarin yake ga ɗan acaɓa da mai tebur a kasuwar Wunti da lebura a kasuwar Muda Lawal, waɗanda sunayensu ba su cikin kundin masu biyan haraji tun asali. Sassaucin ya tsaya ne ga mai albashi matsakaici, kuma bai ƙara ko ɗaki ɗaya a kan ɗakunan da ake da su ba.

Wannan ne ya sa hankali ke komawa ɗaya ɓangaren, wato rangwanta haraji ga wanda zai gina gidan, bisa sharaɗin ya ba da shi haya ko ya sayar da shi a farashin da talaka zai iya.

Yadda birnin ya fi ƙarfin gidajensa

Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Bauchi na da kusan mutum rabin miliyan, kuma daga wancan lokaci zuwa yau abubuwa da dama sun ƙara mata jama'a. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya sun mayar da Yelwa da Gwallameji unguwannin ɗalibai da ma'aikata, inda neman ɗaki a farkon zangon karatu kan zama gasa. Rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe, yawancinsu kuma cikin unguwanni suka sauka, a gidajen dangi da na haya. Ga kuma matasan karkara da ke shigowa neman abin yi.

Gwamnatoci ba su zauna haka nan ba. Rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi na tarayya da aka gina zamanin Shugaba Shehu Shagari yana nan, haka ma rukunin gidajen Tambari da Gida Dubu. Gwamnatin Sanata Bala Abdulƙadir Muhammad ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Family Homes Funds na gwamnatin tarayya domin gina gidaje 2,500 a masarautu shida da jihar ke da su a lokacin, da lamunin kimanin Naira biliyan 12, inda aka ware gidaje 1,500 ga Dungal da ke kan hanyar Jos.

Aiki ne babba, amma lissafi ya nuna iyakar abin da gwamnati za ta iya ginawa da hannunta. Ko da kowane gida a Dungal ya ɗauki mutum bakwai, jimillarsu 10,500 ke nan, a ƙaramar hukumar da jama'arta suka kusa rabin miliyan tun shekara ashirin da suka wuce. Kuɗin kuma bashi ne da za a biya. A wancan lissafi kowane gida ya kama ƙasa da Naira miliyan 5, farashin da ba zai maimaitu ba bayan faɗuwar darajar Naira da tashin kayan gini, musamman ganin buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu kasuwanni a farkon 2024.

Giɓin da ke tsakanin kuɗin gini da ƙarfin aljihu shi ne tushen matsalar. Ma'aunin da aka saba amfani da shi a duniya shi ne kada muhalli ya ci fiye da kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu. Ga mai albashin Naira 70,000, wannan Naira 21,000 ne a wata, ko Naira 252,000 a shekara. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya yana ba masu zubi a Asusun Gidaje na Ƙasa rance a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin shekara 30. Ko da wannan sauƙi, Naira 21,000 a wata ba za ta ɗauki rancen da ya wuce kimanin Naira miliyan 3.5 ba. Gidan Naira miliyan 8 zai buƙaci kusan Naira 48,000 duk wata, wato fiye da kashi biyu cikin uku na albashin.

Ɓangaren mai gini ma haka abin yake. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Wanda ya ranci Naira miliyan 10 a kan kashi 30 cikin ɗari ya gina gida, Naira miliyan 3 zai biya kuɗin ruwa kaɗai a shekara. Babu ɗan kasuwar da zai ba da wannan gida haya a Naira 252,000. Shi ya sa jarin 'yan kasuwa ke tafiya ga shaguna da manyan gidaje a sababbin unguwannin masu hali.

Darasi daga Amurka

Ƙasar da ta fi shahara da amfani da haraji wajen cike irin wannan giɓi ita ce Amurka. Dokar gyaran haraji ta 1986 ta ƙirƙiro rangwame na musamman ga masu gina gidajen haya domin masu ƙaramin ƙarfi. Ya bambanta da sassaucin haya na Najeriya, domin shi ana cire shi ne kai-tsaye daga harajin da ya wajaba a biya, dala da dala.

Gwamnatin tarayya ce ke ba kowace jiha kaso gwargwadon yawan jama'arta, sai hukumar gidaje ta jiha ta raba wa kamfanonin gini ta hanyar gasa. Kamfanin da ya yi nasara yakan miƙa haƙƙin rangwamen ga masu zuba jari, galibi bankuna, su ba shi kuɗi a hannu, su kuma su riƙa cirewa daga harajinsu tsawon shekara 10. Da wannan kuɗi bashin da ke kan ginin yake raguwa, hayar ta sauko. A madadin haka, dole ne a ware aƙalla kashi 20 cikin ɗari na gidajen ga iyalan da samunsu bai wuce rabin matsakaicin samun yankin ba, ko kashi 40 cikin ɗari ga waɗanda ba su wuce kashi 60 cikin ɗari ba. Ana ƙayyade hayar, kuma sharaɗin kan ɗore shekara 30. Wanda ya saɓa a cikin shekara 15 na farko, hukumar haraji na iya karɓe abin da ta rangwanta masa. Tsarin ya samar da gidaje fiye da miliyan uku.

Jihohi da dama sun ƙara nasu rangwamen a kan na tarayya. Kalifoniya na cikin waɗanda suka fara, Jojiya kuma tana ba da daidai da abin da tarayya ta bayar. Sun iya yin haka ne saboda jihohin Amurka na da ikon kafa nasu dokokin harajin kuɗin shiga da na kamfanoni.

A nan ne Bauchi ta bambanta da Jojiya. Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya dokar harajin kuɗin shiga da ribar kamfanoni a hannun Majalisar Tarayya kaɗai. Harajin kamfanoni hukumar tarayya ce ke karɓarsa, ya shiga asusun tarayya a raba. Jiha na karɓar harajin ɗaiɗaikun mutane, amma a kan ma'aunin da dokar tarayya ta tsara. Saboda haka Majalisar Dokokin Jihar Bauchi ba ta da hurumin ce wa wani banki ko kamfanin siminti ya zuba kuɗi a gidajen Miri ko Inkil sannan ya cire daga harajin ribarsa. Duk wanda ya yi wa jama'a alkawarin kwafo tsarin Amurka sak a matakin jiha, ya yi alkawarin abin da doka ba ta ba shi ba.

Abin da ke hannun gwamna

Sai dai jiha na riƙe da wani abu da ya fi tasiri a farashin gida, wato ƙasa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka a birni, shi ke sanya kuɗin hayar ƙasa na shekara, kuma sashe na 22 ya ce ba a sayarwa ko jinginar da irin wannan fili sai da amincewarsa. Sashe na 17 ya ba shi ikon ba da fili ba tare da hayar ƙasa ba, ko a kan rangwame, idan ya gamsu cewa hakan maslahar jama'a ce. Sashe na 28 kuma ya ba shi ikon soke mallaka idan aka saɓa sharuɗɗan da ke cikin takardar.

Idan aka haɗa waɗannan sassa, ana da kayan aikin rangwame mai sharaɗi ba tare da an jira Abuja ba. Kuɗin fili, kuɗin awo, kuɗin rajistar takarda, kuɗin amincewar gwamna, kuɗin izinin gini da harajin kan sarki a kan yarjejeniyar ɗaiɗaikun mutane, duk kuɗaɗe ne da jiha ke karɓa. Ga kuma hanya da magudanar ruwa da taransifoma da ruwan famfo, waɗanda idan mai gini ne ya samar da su, mai saye ko ɗan haya ne zai biya a ƙarshe.

Tasirin wannan ba zato ba ne. Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta Tarayya ta bayyana a 2024 cewa gida mai ɗaki ɗaya a rukunan da ta gina da kuɗin kasafi, a kan filayen da jihohi suka bayar kyauta, yana kamawa Naira miliyan 8 zuwa 9, alhali makamancinsa da 'yan kasuwa suka gina da rancen banki a kan filin da suka saya yana kai Naira miliyan 22. Bulo da rodi ba su ne suka raba farashin biyu ba, kuɗin fili da kuɗin ruwa da na ababen more rayuwa su ne.

Dangane da harajin kamfanoni kuwa, hanyar da ta rage ita ce gwamnoni su haɗa murya su nemi tarayya ta buɗe ƙofa. Akwai abin kafa hujja. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan umarnin zartarwa mai lamba 007, wanda ya ba kamfanoni damar gina hanyoyi su cire kuɗin daga harajinsu. A ƙarƙashinsa Dangote ya yi aikin hanyar Apapa zuwa Oworonshoki a Legas, MTN ya ɗauki ta Enugu zuwa Onitsha, sannan a 2021 aka amince wa kamfanin mai na ƙasa ya ɗauki nauyin hanyoyi 21 a kan Naira biliyan 621. Sabuwar dokar harajin ma ta tanadi rangwamen kashi 5 cikin ɗari a shekara, tsawon shekara biyar, a kan jarin da aka zuba a sassan da gwamnati ta ba fifiko. Tunanin rangwame domin aikin jama'a ba baƙo ba ne a dokokin ƙasar nan.

Inda wasu suka yi tuntuɓe

Rangwamen haraji kashe kuɗi ne, ko da ba a rubuta ceki ba. Duk Nairar da aka yafe, Naira ce da ba za ta je asibiti ko makaranta ba, kuma jihar da mafi yawan kuɗinta daga asusun tarayya yake zuwa ba ta da sararin yin kyauta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A jihar Mizuri ta Amurka, binciken mai binciken kuɗi na jiha ya gano cewa ƙasa da rabin kowace dalar da aka rangwanta ce ke shiga ginin gidaje, sauran na tafiya ga masu zuba jari da masu shiga tsakani da harajin tarayya. Jihar ta dakatar da nata rangwamen a 2017, ba ta dawo da shi ba sai a 2020.

A Maroko, daga 2010 gwamnati ta yafe haraji ga kamfanin da ya yi alkawarin gina aƙalla gidaje 500 cikin shekara biyar, a farashin da bai wuce dirhami 250,000 ba. An gina gidaje masu yawa, amma an yi ta ƙorafi a kan ingancin wasu, da nisansu daga wuraren aiki, da yadda masu hali suka saye wasu domin kasuwanci. Daga 2024 ƙasar ta koma ba mai saye tallafin kuɗi kai-tsaye.

A gida ma, shugaban hukumar tara haraji ta tarayya, Zacch Adedeji, ya nuna rashin gamsuwa da tsarin rangwamen hanyoyi a gaban kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa a farkon 2024, bisa hujjar cewa kuɗin jama'a ta kasafi ya kamata ya bi. Hujja ce da ta shafi gidaje kamar yadda ta shafi hanyoyi. Akwai kuma abin da mazauna birane da dama a Arewa suka gani da idonsu, inda rukunan da aka gina da sunan talaka suka ƙare a hannun manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, wasu kuma aka sake sayar da su da riba kafin fenti ya dushe.

Wanda ke ba talaka masauki a Bauchi

Akwai wata tambaya da ba a cika yi ba: wane ne yake gina ɗakin da talakan Bauchi ke kwana a ciki? Babban kamfani ba ya cikin amsar. Ɗan fansho ne da ya zuba giratutinsa a ɗakuna shida a Rafin Zurfi, da ɗan kasuwar da ke ƙara ɗaki ciki da falo a bayan gidansa duk shekara, da magadan da suka mayar da gidan mahaifinsu gidan haya. Yawancinsu takardar cinikin fili daga mai unguwa ce kaɗai a hannunsu, ba sa kusantar ofishin filaye saboda tsoron kuɗi da jeka-ka-dawo, kuma banki ba ya karɓar gidajensu jingina.

Tsarin da ya ce sai mai gina gidaje ɗari zai amfana, ya bar waɗannan a waje. Jiha za ta fi samun ɗakuna da ƙaramin kuɗi idan ta ce duk wanda ya gina ɗakunan haya daga huɗu zuwa ashirin, da banɗaki da ruwa da magudana bisa ƙa'ida, ya kuma yarda da ƙayyadajjen kuɗin haya na wasu shekaru, za a yi masa rajistar fili da izinin gini kyauta, a ɗauke masa hayar ƙasa na tsawon wa'adin. Kuɗin da za a yafe a nan galibi kuɗi ne da jiha ba ta samunsa a yanzu, tunda filayen ba su cikin rajista. Bayan wa'adin kuwa sun shiga kundi, sun zama hanyar kuɗin shiga. Mai gidan kuma ya samu takardar da zai iya kaiwa banki, ciki har da bankunan da ba sa ta'ammali da riba, abin da ke da muhimmanci ga jama'a da dama a jihar.

Sharuɗɗan da za su raba nasara da asara

Duk wani shiri irin wannan na buƙatar dokar Majalisar Jiha, domin kada ya zama alfarmar da ake nema a ofis, kuma kada ya mutu da ƙarewar wa'adin gwamnati. Dokar ta fayyace wane ne mai ƙaramin ƙarfi da ma'aunin da kowa zai gane, misali ninki nawa na mafi ƙarancin albashi, ta kuma buɗe wa marasa albashi hanyar tantancewa ta ƙungiyoyin sana'a da na adashin gata.

Rangwamen ya biyo bayan aiki. Sai an kammala gini, an duba shi, ɗan haya ya shiga, sannan a fara cirewa, shekara bayan shekara. A rubuta sharaɗin farashi da haramcin sake sayarwa cikin takardar mallakar filin, yadda zai bi gidan ko da ya sauya hannu, tare da tanadin dawo da abin da aka yafe idan aka saɓa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A sanya iyakar abin da za a yafe a shekara cikin kasafin kuɗi, a kuma wallafa sunayen kamfanonin da suka amfana, da adadin da aka yafe wa kowanne, da yawan gidajen da ya miƙa. Sannan a lura da wuri. Gida mai araha da ke nesa da kasuwa da makaranta, inda kuɗin mota zai cinye abin da aka rage a haya, ba sauƙi ba ne ga mai fita neman na cefane kullum.

Ya kamata a kuma amince cewa akwai waɗanda rangwame ba zai kai gare su ba. Zawarawa masu riƙe da marayu, tsofaffi marasa mai kula, da iyalan da rikici ya raba da komai, ba su da ko Naira 21,000 ɗin da aka yi lissafi da ita. Su tallafi kai-tsaye daga kasafi, da zakka da waƙafi, suke buƙata.

Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa gwamnati nauyin karkata manufofinta ga samar wa kowane ɗan ƙasa muhallin da ya dace. Alƙaluman ƙarancin gidaje da ake ambata a ƙasar sun kama daga miliyan 17 zuwa miliyan 28, kuma kowanne aka ɗauka ya fi ƙarfin kasafin kowace gwamnati. Bauchi ba ta da ikon yafe harajin kamfanoni, amma tana da fili, tana da rajista, tana da majalisa. Abin da mazauna Gwallameji da Yelwa za su auna shirin da shi shi ne adadin da dillali zai faɗa musu idan lokacin sabunta haya ya zo.